Man Barno: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Ran Lahadin da ta wuce, bayan sallar la'asar, na tarar da wata gardama a teburin mai shayi a Agege, wadda har aka kira magariba ba ta mutu ba. Masu gardamar su biyu ne, dukansu dattawan arziki, kowannensu kuwa ya haura shekara 20 a Ikko. Ɗaya dillalin shanu ne mutumin Maiduguri, ɗayan kuma ɗan canji ne Bakano. Abin da ya haɗa su shi ne hannun jarin wani kamfanin neman mai, wanda mutumin Maidugurin ya saya ta wayarsa da kuɗin bijimi biyu.

Shi dai dillalin cewa yake yi, "Alhaji, ai labari ya fito, kamfanin ya ce ya ga alamar mai, cikin kwana uku farashi ya tashi. Kai dai bari a fara ɗibar man Barno, ka ga yadda kamfanonin mai za su yi sama." Ɗan canjin ya ce, "Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri. Ni ban taɓa sayen Dalar da ban riƙe na murza ba. Kai ka taɓa biyan kuɗin maraƙin da ke cikin uwarsa?" Jama'a suka fashe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na san kuɗin bijiman nan na kayan ɗakin 'yarsa ne, ga biki kuma ya matso. Da na tambaye shi ko kamfanin yana da wani fili a Barno, sai ya yi shiru. Da muka duba, ashe ko taku ɗaya ba shi da shi a can.

To, wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Maganata guda ce: labarin mai daban, mai daban, mai daban, ribar mai hannun jari kuma daban. Wanda ya haɗa ukun nan ya mai da su abu ɗaya, shi ne ya yi cinikin biri a sama.

Bari mu fara da gida. Ba yau aka fara neman mai a ƙasar Barno ba. Tun 1976, watau shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Barno, Gwamnatin Tarayya ta shiga binciken yankin Tafkin Chadi. Daga nan zuwa 1996 kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya haƙa rijiyoyi 23. A cikinsu biyu ne kurum, Wadi-1 da Kinasar-1, suka nuna alamar iskar gas, ita ma ba ta kai yawan da za a kai kasuwa ba. A shekarar 2000 aka naɗe kaya. Bayan wasu shekaru aka dawo da aikin aunon ƙasa, sai ga fitinar Boko Haram. Ran 25 ga Yuli 2017 duk Barno ta sani: aka yi wa ayarin masu binciken kwanton ɓauna a wajen Magumeri, mutum fiye da 50 suka rasa rayukansu, har da sojoji da 'yan gora da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri. An kuma yi awon gaba da ma'aikatan jami'ar uku, ba a sako su ba sai a Fabrairun 2018. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ran 23 ga Mayu 2023, saura kwana 6 ya sauka daga mulki, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar wata sabuwar rijiya mai suna Wadi-B a Tuba, cikin Ƙaramar Hukumar Jere, dab da Maiduguri. Shugaban NNPC na lokacin, Mele Kyari, ɗan Barno ne, kuma a Jami'ar Maiduguri ya karanta ilmin duwatsu da ma'adinai. An yi murna, murnar kuwa da dalili. Amma mai karatu ya lura, bikin fara haƙa aka yi, ba bikin samun mai ba. Daga 1976 zuwa 2023 shekara 47 ke nan. Wanda ya sayi bege a farkon tafiyar nan yana saurayi, yanzu jikoki ne a gabansa.

Kada wani ya ce ina yi wa ƙasarmu mugun baki. Haka sha'anin mai yake ko'ina. Su ma nan kudu da muke zaune, tun wajen 1937 Turawan Shell suka fara nema, ba su dace ba sai a 1956 a Oloibiri, ba a kuma fitar da ganga ta farko zuwa ƙasashen waje ba sai a 1958. Dalili kuwa shi ne aikin hawa-hawa ne. Da farko a girgiza ƙasa a saurari amsa-kuwwar duwatsun da ke ƙarƙashi, a zana taswira. Sa'an nan a haƙa rijiyar gwaji, wadda a sabon yanki sau da yawa busasshiya take fitowa. In an dace, sai a haƙa wasu kewaye da ita don a san faɗin man da zurfinsa. Sa'an nan akantoci su zauna su ga ko abin da za a samu zai biya abin da za a kashe. Daga nan a nemo masu ba da kuɗi, a shimfiɗa bututu ko a gina matata. Barno kuwa tana wajen kilomita 1,000 daga teku. Bugu da ƙari, man da ke kwance a ƙasa ba duka ake iya ɗebowa ba. Galibi kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke fitowa. A kowane hawa kamfani yakan fitar da sanarwa, kowace sanarwa kuma takan motsa farashi, alhali ko kwalba ɗaya ba a sayar ba.

Dubi Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe. Shell ta haƙa rijiya a can a 1999 ta sami gas kaɗan ta tafi. A Oktoban 2019 NNPC ta ba da sanarwar samun mai a rijiya ta biyu. Ran 22 ga Nuwamba 2022 Shugaba Buhari ya je da kansa ya ƙaddamar da aikin, aka ce akwai ganga fiye da miliyan dubu ɗaya. Sai ga shi a 2025 sabon shugaban NNPC, Bayo Ojulari, yana alkawarin za a koma bakin aiki a Kolmani. Ba a kuwa alkawarin komawa sai inda aka tsaya.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin Alhajinmu na Maiduguri ita ce ta maƙwabta. Ya ce, tun da Nijar ta samu a Agadem, cikin Jihar Diffa da ke manne da Barno, me zai hana mu? Wannan magana ce ta hankali, ita ce ma ta sa masana ba su fid da rai ba. Amma a duba tsawon jiran. Tun cikin shekarun 1970 kamfanonin Turawa ke nema a can. Sai a 2008 kamfanin CNPC na ƙasar Sin ya karɓi filin, a 2011 aka buɗe matatar Soraz kusa da Damagaram mai tace ganga 20,000 a rana, sa'an nan sai a 2024 man ya fara fita teku ta bututun da ya kusa kilomita 2,000 zuwa gaɓar Jamhuriyar Benin.

To, ƙananan masu hannun jari fa, me suka samu a Agadem? Akwai wani kamfanin Ingila mai suna Savannah, wanda ya shiga kasuwar hannun jari ta Landan a 2014 da filayen Agadem a hannunsa, kowane hannun jari a kan kwabo 56 na kuɗin Ingila. A 2018 ya haƙa rijiyoyi 5, duka biyar ɗin kuwa ya sami mai. Wane labari ya fi wannan daɗi? Amma har 2024 bai fara sayar da man Agadem ba. A Disambar 2022 ya ce ya sayi rabon ExxonMobil a rijiyoyin Doba na ƙasar Chadi. A Maris 2023 gwamnatin Chadi ta ƙwace su ta mai da su na ƙasa. An dakatar da cinikin hannun jarinsa fiye da shekara biyu saboda wani cinikin da ya nema a Sudan ta Kudu wanda bai tabbata ba, watau mai shi ko yana son sayarwa babu hali. Da kamfanin ya nemi sabon kuɗi a 2025, a kan kwabo 7 ya sayar da hannun jari. Man yana nan a ƙasa, ba ƙarya aka yi ba. Kuɗin mai jira ne ya narke.

Ga wani misalin da ya fi kusa da mutanen Maiduguri. Kowa ya san Alhaji Muhammadu Indimi, wanda ya kafa kamfanin Oriental Energy a 1990. Rijiyoyinsa ba a Barno suke ba, a teku suke wajen Akwa Ibom, kamfanin kuma na kansa ne, ba a cinikinsa a kasuwar hannun jari. Abokin aikinsa a filin Ebok wani kamfani ne mai suna Afren, wanda shi ake cinikinsa a Landan. Ebok ta fara ba da mai a 2011. A farkon 2014 hannun jarin Afren ya haura kwabo 150. Sai abubuwa suka taru masa. Aka kori manyan shugabanninsa biyu a kan wasu kuɗaɗe da suka karɓa a ɓoye. Farashin gangar mai ya faɗo daga sama da Dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da Dala 50 a Janairun 2015. A wannan watan kuma kamfanin ya fito ya ce man da ya daɗe yana lissafawa a wani filinsa na ƙasar Iraƙi ba zai ɗebu ba. Ga bashi ya yi masa katutu. Kafin ƙarshen Yulin 2015 hannun jarin bai kai kwabo 2 ba, kamfanin ya durƙushe, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. A 2018 wata kotu a Landan ta ɗaure shugabannin nan biyu, ɗaya shekara 6, ɗaya shekara 5.

Abin lura a nan shi ne, rijiyoyin Ebok ba su ƙafe ba; Oriental ta ci gaba da ɗibar mai. Me ya sa masu hannun jarin Afren ba su sami kome ba? Domin in kamfani ya mutu, rabon gadonsa kamar na mutum ne: sai an biya bashi tukuna. Bankuna da masu bin bashi su ne a gaba, mai hannun jari shi ne na ƙarshe a layi. In tukunya ta ƙare kafin a zo kansa, sai ya lashi cokali.

Wani lokaci ma labarin kansa na bogi ne. A farkon Janairun 2020 kamfanin Lekoil, mai fili a teku nan kusa da Ikko, ya ba da sanarwar cewa hukumar zuba jari ta ƙasar Ƙatar za ta ranta masa Dala miliyan 184. Farashi ya yi tsalle, mutane suka yi rububi. Ba a yi sati biyu ba mutanen Ƙatar suka ce ba su san zancen ba. Ashe kamfanin ne aka damfara, har ya biya 'yan tsakiya wajen Dala 600,000. To, in masu kamfani, da lauyoyinsu da akantocinsu, za su faɗa rami irin wannan, ina ga ni da kai da muke karanta labarin a waya a teburin mai shayi?

Kada kuma a ce na zaɓo munana kurum. Akwai kamfanin da ke da mai na gaske, yana sayarwa, yana kuma raba riba, kamar Seplat. A Afrilun 2014 ya shiga kasuwar Ikko da ta Landan a kan Naira 576. A ƙarshen 2015 farashin bai kai rabin haka ba, masu gajen haƙuri suka sayar da hasara. A ƙarshen 2024 kuwa ya haura Naira 5,000. Amma a nan ne Alhaji ɗan canji ya burge ni. Ya ce a 2014 Dala tana wajen Naira 160, a ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,500. In ka yi lissafi da Dala, wanda ya jira shekara 10 kusan kuɗinsa ya tarar. Ribarsa ta gaskiya ita ce rabon da aka riƙa ba shi shekara-shekara. Hatta sayen rijiyoyin Mobil da Seplat ya sanar a Fabrairun 2022, bai kammalu ba sai a Disambar 2024. Nagari ke nan fa. Saboda haka tashin lamba a waya ba shi ne arziki ba.

Wani zai ce, to, Malam, mu guji kasuwar ke nan gaba ɗaya? A'a, ko kusa. Wannan kuskuren mun taɓa yin sa. Lokacin da gwamnati ta kafa dokar mai da kamfanonin Turawa hannun 'yan ƙasa a 1972, ta kuma ƙarfafa ta a 1977, mafi yawan hannayen jarin a nan kudu aka saye su. Mutanenmu da yawa ba su san abin ba, wasu kuma ba su yarda da dukiyar takarda ba. Ba don irin su kamfanin NNDC na Kaduna da suka riƙe wa jihohin Arewa wani abu ba, da abin ya fi haka muni. Sai kuma muka yi kuskure na biyu, wanda shi ne kishiyar na farko. A 2007 aka yi rububin hannun jarin bankuna, har da masu cin bashin banki mai ruwa su saya. Daga Maris 2008 zuwa Maris 2009 kasuwar ta zubar da wajen kashi biyu cikin uku na darajarta. Da can mun ƙi shiga don rashin sani, daga baya muka afka, shi ma don rashin sani. Ciwon ɗaya ne.

Saboda haka ga shawarata ga 'yan'uwa na Agege da Mile 12 da Alaba Rago, da na Sabon Badun da Shagamu, da na Anacha da Fatakwal.

Na farko, ka tambayi kanka: kamfanin nan sayar da mai yake yi, ko nema yake yi? Mai nema ba shi da kuɗin shiga. Duk sa'ad da aljihunsa ya bushe sai ya buga sababbin hannayen jari ya sayar, rabonka kuma ya ƙara tsinkewa, kamar nonon da aka yi wa ƙarin ruwa.

Na biyu, kada ka tsaya a kan sanarwa. Nemi rahoton shekara wanda akantoci suka bincika, in ba ka iya karantawa ba ka sa ɗanka ɗan makaranta ya duba maka abu uku: nawa ake bin kamfanin bashi, nawa ne a hannunsa, yaushe rabonsa da raba riba. Ka kuma bambanta man da ake zato da man da aka tabbatar. Kalmomi biyu ne daban a takardunsu, ba kuwa da wasa suka raba su ba.

Na uku, kada ka miƙa kuɗinka sai ga dillalin da ke da rajista da hukumar kula da kasuwar hannun jari, watau SEC, ka kuma tabbata an buɗe maka asusu da sunanka a ma'ajiyar CSCS. In wani ya zo maka, ko da da rawani ne, ya ce yana sayar da hannun jarin man Barno ko na NNPC, ka riƙe aljihunka. Dokar man fetur ta 2021 a hannun gwamnati ta ajiye dukan hannun jarin NNPC. Sayar da irin wannan ga jama'a kuwa da shela ake yin sa, da takardar bayani mai izinin SEC, ba a bayan masallaci ba.

Na huɗu, mai zuga ka ka saya, ka tambaye shi ko shi ya riga ya saya. Dillalan kara sun san wannan: mai yabon saniya fiye da kima, galibi tasa ce. Yawancin gardamar masu hannun jari ba neman gaskiya ba ce, kowa kare kuɗinsa yake yi.

Na biyar, wanda ya fi duka, kuɗin gidan haya, da na makarantar yara, da na aure, da wanda ake jira a gida don sayen hatsi, ba na wannan kasuwa ba ne. Mu da muke ci-rani, bayan kowane ɗayanmu akwai bakuna goma. Abin da za ka sa a kamfanin neman mai, ya zama abin da in ya tafi ba za ka kasa barci ba.

Saura maganar kishin gida, wadda na san ita ce a zuciyar Alhajinmu, ba kwaɗayi ba. Mutumin da ya ga abin da Barno ta sha, dole ya so ranar da za ta tashi. Amma sayen hannun jarin wani kamfani a Ikko ko a Landan ba ya ƙara wa rijiyar Tuba ko taƙi ɗaya. Mu fa mun riga mun zuba jari a man Barno, ko mun sani ko ba mu sani ba, domin da dukiyar ƙasa aka haƙa rijiyoyin nan 23, dokar 2021 kuma ta ware kashi 30 cikin 100 na wani ɓangaren ribar NNPC don neman mai a irin waɗannan yankuna. Mai jari kuwa yana da hakkin tambaya. Sanatocinmu da wakilanmu su tashi a majalisa su nemi a faɗa wa jama'a dalla-dalla: nawa aka kashe, zurfin nawa aka kai a Wadi-B, me aka gani. Ƙungiyoyinmu na 'yan Arewa mazauna kudu, da sarakunan Hausawa, su rubuta su tambaya. Jinin da aka zubar a Magumeri ya isa ya sa a ba mu amsa.

Da aka idar da sallar magariba ran nan, na ga Alhazan biyu sun koma gefe suna ƙus-ƙus, ɗan canjin yana latsa masa lissafi. Ban tambayi abin da suka yanke ba, don ba a shiga tsakanin aminai. Fatana dai a kai yarinyar nan ɗakinta da kayanta cif. Biri kuma in ya sauko ƙasa, muka gan shi da idonmu, sai a yi ciniki.

Allah ya zaunar da Barno lafiya, ya fito mana da arzikin da ke ƙarƙashinta, ya kuma mai da kowa gida da abin hannunsa. Amin.